Akushin Baba Ba Na Bango Ba Ne

Aikin farko yau: sayen murfin tukunya a kasuwar Goronyo.

Ban saya ba. A layin masu tsofaffin kaya na hangi akushin marigayi Baba. Na gane shi da ɗinkin wayar da na yi masa da hannuna. Ashe ƙanena ya haɗa shi cikin tarkacen da ya sayar.

Mai rumfar ya ce wani Alhajin birni zai ɗauka ya rataya a jikin ƙusa a bangon falo. Ni mai yawan shakka ne, amma yau na kafe har ya sallama mini.

Na wuce wurin mai tuwo, na miƙa mata akushin.

Ta ce, "Malam, mi za ni zuba cikin wanga tsohon icce? Ga roba sabuwa."

Na ce, "Tuwo da miyar kuka, Inna. Aikinai ke nan, bai yi ritaya ba."

Ana ta dariya, na cinye na suɗe.

Ku faɗa mini, abin da ya ciyar da gidanmu ƙusa ce ladarsa?

Gobe:
- murfin tukunya
- shafa wa akushi mai
- magana da ƙanena