Ranar da Hawa Mai Na'a-na'a Ta Shiga Gahawa

Hawa a Madina aka haife ta. Iyayenta mutanen Damagaram ne da suka zo hajji a ƙafa, suka zauna ba su koma ba. Tana da shekara sha bakwai ta auri Jumare, wanda yake kula da dabino a wani lambu a Ranuna, kusa da Ƙuba. Mai lambun ya ba shi ɗan fili a bakin rijiya, su kuma suka shuka na'a-na'a. Kullum da safe Jumare yakan ɗaure ta dami-dami ya kai gahawar Sharfuddeen da ke unguwar Harra ta Yamma, inda maza suke zama shan shayi bayan la'asar.

Jumare ya rasu a shekarar 1976. Dangi suka ce Hawa ta tattara ta koma gidan yayanta, ai mace ba ta riƙe lambu. Ta saurare su har suka gama, ta yi musu godiya, washegari da asuba ta ɗauki fartanyar mijinta ta fita ban ruwa. Babu wanda ya sake tayar da zancen.

Ɗanta ɗaya ne, Abdussamad, yana aikin sauke kayan alhazai a filin jirgi. Shi ya gaji kai na'a-na'ar, yakan biya ta Harra a motarsa kafin ya wuce aiki. Yana jin Hausa sarai, amma in ta yi masa magana da Larabci yake amsawa, ita kuma ba ta taɓa sauya masa harshe ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekara biyar. Sai wata rana ya dawo da damin yadda ya tafi da shi, ya ce yau ba sa buƙata. Kashegari ma haka. A rana ta uku ta tare shi a bakin ƙofa.

"Shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo mana da ko ganye ɗaya ba. Faɗa mini abin da aka ce."

Ya yi ta kewaye-kewaye, amma ta ƙi matsawa daga ƙofar, dole ya faɗa. Sharfuddeen ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, ɗansa Lurwanu ne yanzu a kan gahawar. Lurwanu ya samu wata mota da take kawo na'a-na'a mai araha daga wata babbar gona. Da tsofaffin masu zuwa suka ce shayi ya canza, sai ya ce musu ya daina karɓar ta Hawa ne don da ruwan kwata take ban ruwa.

Da ciniki kawai Lurwanu ya janye, da Hawa ba ta ce uffan ba, kowa da inda yake son sayayya. Amma rijiyar nan Jumare ne ya yi shekaru yana yashe ta da hannunsa, daga cikinta suke sha, da ruwanta take alwala.

"Gobe bayan la'asar za ka kai ni."

"Ya ummi, gahawa ce fa. Aibi ne, mata ba sa shiga."

"To zauna."

Washegari ta sa abayarta, ta ɗauki dami ɗaya da kwalbar ruwan rijiya, ta fita bakin titi ta tsayar da motar haya.

Ba ta taɓa ganin wurin ba sai ranar. Rumfa ce mai faɗi, gininta na baƙin dutsen Harra, an jera dogayen kujerun igiya waɗanda mutum yake hawa ya naɗe ƙafa. Hayaƙin gawayi da na shisha ya cika ko'ina, rediyo yana ta magana, wasu dattawa suna buga domino a kan tebur. A gefe ɗaya wasu ɗaliban jami'a ne 'yan Najeriya, littattafansu a cinya. Tana sa ƙafa a ciki aka daina buga domino. Ta yi sallama da muryar da kowa zai ji, ta nemi kujerar da babu kowa, ta hau ta zauna.

Lurwanu ya taso daga wajen murhu, yana goge hannu da tawul. Da Larabci ya yi mata magana, a hankali, yana kiran ta khala, wato inna.

"Ya khala, nan ba wurin mata ba ne. Fito waje mu yi magana."

Ita kuwa da Hausa ta amsa, don ta san ya sha ta a nono, uwarsa Bahaushiya ce.

"Lurwanu ɗan Kaltume, ni na riƙe ka ranar sunanka. Maganar da ka yi a kaina a waje ka yi ta ko a nan ciki?"

Ya waiga ya dubi mutane.

"To a nan zan ji ta. Shayi na zo sha. Kawo mini buta ɗaya, kada ka sa komai a ciki."

Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya ce wannan ba daidai ba ne. Hawa ta juya wajensa, ta kira shi ammi, wato baffa, ta koma Larabcin Madina tsantsa don kada wani ya ce bai gane ba.

"Ya ammi, ni ma na san ba daidai ba ne. Shekara ashirin da shida kuna shan abin da na shuka, ban taɓa leƙo ku ba. An ce da ruwan kwata nake shayar da ku. Ga ruwan rijiyata a kwalba. Lambun yana Ranuna, ba shi da ƙofa. Wanda ya ga kwata a can da idonsa ya faɗa yanzu ina zaune."

Babu wanda ya ce ya gani. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Can ƙurya tsoho Sharfuddeen yake zaune da carbinsa, ita ba ta ma lura da shi ba. Ya ɗago kai ya ce, "Muryar wa nake ji? Matar Jumare ce?" Aka ce ita ce. Ya ce, "Lurwanu, baƙuwa ta nemi shayi."

Lurwanu ya kawo butar da ƙaramin kofi. Hawa ta tsinke ganye daga damin nata ta jefa a ciki, ta jira ya jiƙa, ta ɗaga gefen mayafinta ta sha kofi biyu ba tare da gaggawa ba. Sannan ta ajiye kuɗin shayin a kan tire, ta bar damin da kwalbar a kan kujera, ta yi sallama ta fita.

Maganar ta zaga unguwa kafin magariba. Yayanta ya zo ya yi faɗa, ya ce ta zubar musu da mutunci. Abdussamad ya yi kwana biyu ba ya haɗa ido da ita. A rana ta uku Sharfuddeen ya sa aka kawo shi lambun da dattawa biyu. Ya ce a ɗebo masa ruwa a guga, ya sha, ya wanke fuska, ya zauna a gindin dabino suka yi ta hirar Jumare har azahar.

Bayan mako guda Lurwanu ya aiko ta bakin Abdussamad cewa a yi haƙuri, a ci gaba da kawowa kamar da. Hawa ta ce, "Gaya masa na yafe. Amma inda ya faɗi maganar, can zai je ya janye ta a gaban mutanen da suka ji." Lurwanu bai iya ba. Ita ma ba ta sake aika masa ko reshe ɗaya ba, duk da cewa shekarar ta yi mata tsauri. Ta shimfiɗa tabarma a bakin lambun tana sayarwa da kanta. Matan unguwa suka fara saye, daga baya wasu dattawan gahawar suka riƙa biyowa su sayi ɗan ƙulli su sa a aljihu, su je can su jefa a butarsu.

A 1986 magadan mai lambun suka sayar da filin, za a yi gidaje. Aka ba ta wata guda ta tashi. Ta ce sai ta yi yankan ƙarshe, kuma saura kwana arba'in. Wakilin mai sayen ya zo sau uku, kullum yana tarar da ita a durƙushe tana cire ciyawa, har ya gaji ya ƙyale ta. Ranar da ta gama, ta cika gwangwanayen man girki goma sha biyu da ƙasar lambun da saiwoyin na'a-na'a. Abdussamad ya jera su a bayan mota, suka nufi gidan da ya kama a hawa na uku. Da suka isa ya tambaye ta inda za a sa su, ta ce a kan soro, kuma ya fara da manyan tun da sauran ƙarfinsa.