Ranar da Na Auna Matan Zumunta da Tifa

Babana bai iya ɓoye farin ciki ba, kuma bakinsa ne ya jawo mini wannan aiki. Tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri ya mayar da ƙarfinsa duka kan kwamitin gini na cocinmu. Cocin ta sami fili a Unguwar Boro, gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya kwari da ruwa ya zaizaye, sai dattawa suka rabu biyu. Ɓangaren Baba suka ce a yanke tudun a cike kwarin, ƙasar za ta isa har ta yi saura. Ɓangaren wani dattijo ɗan Filato, mutum ne da ba ya ɗaga murya amma ba ya janye magana, suka ce ba za ta isa ba, sai an kawo jar ƙasa daga waje. Aka yi ta ja har damina ta ƙarato. Wata Lahadi, lokacin sanarwa, Baba ya miƙe ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, 'yarsa za ta auna tudun daga sama, gani ya kori ji. Ina zaune a cikin mawaƙa na ji labarin tare da kowa.

Ni kuwa ban daɗe da fara aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo, wato masu auna filaye, a unguwar Television ba. Dron, ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto, ogana ne kaɗai ke tuƙa shi wajen aiki. Ni sai riƙe jaka da zaman kwamfuta. Da na kai masa maganar ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce in ɗauka ranar Asabar da batir biyu, in dawo masa da shi lafiya. Na fito daga ofis ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A cikin bas na yi ta murmushi ni kaɗai har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya.

Aikin ba tsafi ba ne. Jirgin yana zagaya fili yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da tsayin kowane wuri, sai ka shata mata inda daɓen gini zai tsaya: abin da ya haura a yanke, abin da ya gaza a cike. Amma sai an kafa alamu a ƙasa waɗanda aka san matsayinsu daidai, in ba haka ba kwamfutar za ta gina maka tudun da ba a taɓa gani ba. Don haka ranar Juma'a na yanka tsofaffin buhuna, na shafa musu fenti baƙi da fari, na shimfiɗa su ko'ina a filin, na kafe kowanne da guntun rodi a tsakiya. Na ɗauki matsayinsu da na'urar ofis, na mayar da ita saboda za a tafi da ita wani gari.

Abin da ban lissafa ba shi ne matan zumunta, ƙungiyar matan cocinmu. Su dai abin da suka ji shi ne za a ɗauki hoton filin Ubangiji daga sama, kuma a wurinmu ba a ɗaukar hoto da datti. Da muka iso da safiyar Asabar ni da Baba, fili ya sha shara tas, ko kara babu. Can a ƙololuwar tudun kuma ga su jere cikin anko, ɗankwali ya miƙe, ana buga tulu ana kaɗa caki. Shugabarsu, wadda duk muke kira Mama, ta sauko da fara'arta ta miƙo mini wani abu a ninke.

"Ungo, 'yata. Wasu marasa tarbiyya ne suka watsar da tsummoki a filin. Mun wanke, ko za su yi wa wani amfani."

Alamuna ne, an goge su da omo har fentin ya kusa fita. Na buɗe baki in yi kuka, dariya ta riga shi fitowa, na durƙusa ina riƙe da ciki. Baba ya tsaya yana kallona, bai san ko ya taya ni ba ko ya ba ni haƙuri. Allah ya taimake ni rodin ya fi ƙarfin tsintsiya, yana nan inda na kafa shi. Da na yi wa Mama bayani ta dafe ƙirji, ta juya ta ba da umarni, nan take mata suka bazu suna laluben ƙarfe a cikin ƙura da waƙa a bakinsu. Duk wadda ta samo sai ta rangaɗa guɗa.

Saura saukar da su daga tudun. Wa ya isa ya ce wa iyayensa mata su matsa, bayan sun ci ado tun asuba? Sai na ba su batir na farko. Jirgin ya tashi, suka ɗaga hannu suna juyi, ni kuma ina ta ɗaukarsu hoto. Da aka gama na ce jirgi ya gode, yanzu yana so ya ga ƙasa ita kaɗai. Suka koma gindin mangwaro suna yi masa addu'a kada ya faɗo, na yi aikina da batir na biyu.

Da la'asar a gidanmu da ke Makera, Baba ya jawo kujera bayana. Don neman tsokana na fara saka hotunan tashin farko. Kwamfuta ba ta san Mama ba, duk abin da ya tsaya a kan ƙasa ƙasa ne a wurinta, sai ga tudun ya fito da ƙusoshi a kansa, kowane ɗankwali da nasa tsini. Na zagaye su da layi na tambaye ta yawansu, ta ce sun kusa cika tifa guda. Muka yi dariya har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga.

Sannan na saka na gaskiya. Na cire ƙasar sama da ba a cike gini da ita, na bar wa matsewa rabonta, don ƙasa in aka daddaɓe ta raguwa take yi. Tudun bai kai ba, kuma ba da kaɗan ba. Dattijon Filato ne da gaskiya. Na sake yi daga farko, amsa ba ta canza ba. Baba ya matso kusa da allon.

"In kin haɗa da matan fa?"

"Ko an haɗa da su, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya tashi ya fita ƙofar gida. Tausayinsa ya kama ni sosai. Mutumin da ya yi kurari a gaban ikilisiya, ga shi 'yar da ya ɗauko ta raba gardama ta kayar da shi. Na bi shi na ce Fasto zai iya faɗin sakamakon, ba sai shi ba. Ya ce in je in ci abinci.

Washegari lokacin sanarwa ina zaune a cikin mawaƙa. Baba ya miƙe cikin babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya gyara murya, ya ce ƙasar tudun ba za ta isa ba, sai an kawo tifofi, shi ne ya yi kuskure. Ya juya wajen dattijon Filato, fuskarsa cike da annuri kamar shi ya ci gardamar.

"Ka fi ni gaskiya, na yarda. Amma ka sani, wadda ta kayar da ni, ni na haife ta."

Dattijon ya tashi ya rungume shi, Mama ta saki guɗa. Ni dai na sunkuyar da kai ina dariya, hawaye na ɗiga a kan rigar mawaƙa.