Bujin da Lawali Ya Goge a Wandonsa

Bana shekara ashirin ke nan da aka kai Lawali makanike makwancinsa a Magarya. 'Ya'yansa sun aiko mini da goro, wai in rubuta wani abu na tunawa da shi, tunda cikin waɗanda suka taso tare da mahaifinsu ni kaɗai na rage. Na karɓi goron, amma na aika musu su sani ba yabo zan yi ba. Malamanmu sun hore mu da ambaton alherin mamaci, kuma ina tsoron Allah. Sai dai abin da zan faɗa shi da kansa ya tsaya gaban jama'a ya faɗe shi, saboda haka ba asirin kowa nake tonawa ba.

Abin ya faru a shekarar da Nasara suka kawo mana ƙuri'ar "i" ko "a'a", cikin kakar gyaɗar da ta biyo baya. Lawali ɗan kawuna ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana". Ni aka kai ni makarantar allo, na iya karatu da rubutun ajami. Shi ya tafi Damagaram ya yi shekaru a garejin Nasara, ya dawo da akwatin ƙarafa da baki mai kaifi. A lokacin ina tuƙa wa Alhaji Isuhu, mai sayen gyaɗa a Dungas, wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. In liman ba ya nan, ni ke jan salla a masallacin unguwarmu.

Da damina, lokacin da hanya ta yanke, Lawali ya buɗe injin motar ya sake mata zobban fistan, waɗanda ke hana baƙin mai hawa inda wuta ke ci. Da ya gama, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya rantse cewa injin da hannunsa ya ɗaure sai ya ga kaka uku ba a sake kwance shi ba. Kowa ya ji.

Ba a yi wata biyu da fara jigila ba mota ta soma shan baƙin mai. In na cika ta da safe, mu je Magarya mu dawo, in na zaro sandar awo sai in ga mai ya sauka. Tana tari, tana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya, in mun shiga rairayin hanyar Waca sai ƙarfi ya ƙare mata. Abin da na iya shi ne in kwance buji, wato fulogin da ke tayar da wuta a inji, in gasa su a garwashi, in kankare da waya, in mayar. Ta yi lafiya rabin yini, ta koma. Na iya wanke buji, ban iya karanta shi ba. Wannan ilmi Lawali ya riƙe abinsa, bai taɓa koya wa kowa ba.

To a wancan zamani baƙin mai kaya ne mai daraja. Makiyaya na nemansa don shafa wa raƙumi mai ƙazuwa, masu gini na shafa shi a gindin itace saboda gara. Duk direban da ya so, ya san inda zai kai shi. Alhaji Isuhu kuwa mutum ne mai hankalin kasuwa. Ya sa aka share ƙasa fes, aka zuba farin rairayi, aka tsai da mota a kai kwana biyu. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Sai ya ce abin da ba ya zuba ƙasa, kuma ba ya cikin tukunyarsa, hannu ne ya ɗauka. A Dungas ta wancan lokaci babu wanda ya san mota na iya ƙone man jikinta. Na ce tana hayaƙi. Ya ce wace mota ce ba ta hayaƙi?

Ranar kasuwa da hantsi ya aika aka zo da Lawali, aka taru ƙofar zaurensa, har da liman. Wallahi da na hango shi sai raina ya yi sanyi, na ce ga ɗan uwana ya zo.

Lawali ya sa na tayar da mota. Ya zagaya baya ya tsuguna wajen bututun hayaƙi, na gan shi ya tara tafin hannu ya shinshina. Ya ce in kashe. Ya kwance buji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na biyu ya miƙa wa Alhaji yadda suka fito. Na uku da na huɗu ya juya baya kaɗan, ya goge su a cinyar wandonsa kafin ya miƙa. Na gani da idona, amma na ɗauka ladabi ne, kada ya ɓata wa Alhaji hannu.

Alhaji ya ce, "Lawali, tsakaninka da Allah, motar nan tana iya shanye mai da kanta?"

Ya ce, "Alhaji, injin da na ɗaure? Lafiyarsa lau. Buji ne suka tsufa, ga sababbi zan sa."

"To ina man ke tafiya?"

Sai ya dube ni ya yi dariyar nan tasa. "Sai dai a tambayi bawana. Wataƙila da shi yake haɗa tawada."

Aka kwashe da dariya. Wasan taubashi ne, wa zai hana? Amma da wannan wasa aka yanke mini hukunci. Alhaji ya karɓi makullinsa. Lawali ya bar tsofaffin bujin a ƙasa jere yadda ya kwance su, ni kuwa da kowa ya watse na duƙa na tsince su, ban san dalili ba. Na naɗe kowane a takarda, na rubuta da ajami wanda ya fito daga rami na farko har na huɗu.

Daga ranar sunana ya koma Habu Sha-Mai. Ran da liman ya yi tafiya na matsa gaba zan ba da salla, sai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga, ya tura wani. Aka yi rikicin iyakar gona a gabana, na je ba da shaida, aka ce a nemo wani. Na koma noma da rubuta wa mutane wasiƙa. 'Ya'yana suka taso ana ce musu 'ya'yan Sha-Mai. Motar kuwa aka ba wani direba, ta ci gaba da shan manta, aka ce shi ma ya koyi halina, kafin kaka ta biyu ta mutu a bayan gidan Alhaji kaji suka gaje ta.

Bayan shekara shida na je fatauci wajen Kano, na nuna wa wani tsohon makanike bujin. Bai yi minti ɗaya ba. Ya ce buji mai lafiya bakinsa busasshe ne, launin ɓawon gyaɗa soyayya. In ya yi baƙi amma busasshe kamar kunkunniya, isansi, wato fetur, ne ya yi yawa. In kuwa baƙin ya yi danƙo, ya daskare a cikin lungu kamar ƙanzon tukunya, to baƙin mai ne ke hawowa yana ƙonewa, kuma hayaƙin irin wannan mota shuɗi-shuɗi ne, mai ɗaci a hanci. Ya ɗaga na uku ya ce, "An goge wannan, amma tsumma ba ya shiga ciki. Zobba ne ba su riƙe ba. Wanda ya kwance shi ya sani."

Na kai wa Alhaji Isuhu maganar, ya ce ɓarawo ba ya rasa malami. Na je Magarya na sami Lawali a garejinsa na shimfiɗa masa su a gaba. Ya ce, "Bawana, har yanzu kana yawo da shara a aljihu?" Daga nan ban sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Mukan haɗu wajen suna ko jana'iza, in yi masa sallama don ita wajibi ce, in wuce.

Yau in na zauna bakin kasuwar Dungas ina kallon 'yan kabu-kabu, kowane babur na jan shuɗin hayaƙi a baya, masu gyara kuma na cire buji su jefar su sa sabo ba tare da sun dubi bakinsa ba, nakan ji muryarsa. Da yana nan da ya zage su tas, ya ce likitan da ba ya duban harshen majiyyaci mahauci ne. Kuma da ya yi gaskiya. Ban taɓa ganin mai ido irin nasa a kan ƙarfe ba. Wannan ne kuwa abin da ya fi ci mini rai. Da jahili ne da na daɗe da mantawa. Ya shinshina, ya gani, ya gane, sannan ya auna sunansa da nawa ya zaɓi nasa.

Shekara ashirin da shida bayan abin, Alhaji Isuhu ya riga ya rasu, wata Juma'a aka sauke Lawali daga amalanke a ƙofar masallacinmu. Ciwo ya cinye shi, ido ya tafi. Da aka sallame ya ce kada kowa ya tashi. Ya ce a kira masa ni, in zo da bujin nan in suna nan. Suna nan, na je na ɗauko su. Ya laluba ya ɗauki na uku, ya sa farce a lungunsa, ya ɗaga.

Ya ce, "Jama'a, zobban da na sa wa motar Alhaji ba nata ba ne. Na wata mota ne na goge da zarto don kada a ce Lawali ya kasa. Ita ta ƙone manta. Mutumin nan bai taɓa ɗaukar ko cokali ba. Na sani tun ranar."

Rabin waɗanda suka yi dariya a ƙofar zauren suna ƙarƙashin ƙasa, sauran rabin suka sunkuyar da kai. Ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Malam Habu, ka yafe mini." Ran nan ne kaɗai a duniya ya kira ni da sunana.

Na ce, "Na ji."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ya jira har aka ɗauke shi. Bai yi wata biyu ba ya cika. Na je Magarya, aka tura ni gaba, ni na yi masa salla, amma kalmar nan ban faɗe ta ba ko a kan kabarinsa. Ya riƙe mini gaskiyata shekara ashirin da shida, na ce ni ma sai na riƙe masa yafiyata tsawon haka.

Me ya rage na Lawali? Garejin ya zama shagon sayar da buhuna. Rantsuwarsa ta kasuwa babu mai tuna ta. Har gobe akwai tsofaffi biyu a Dungas da bakinsu ke suɓucewa su ce Sha-Mai. Ban so shi ba, kuma ba zan yi wa 'ya'yansa ƙaryar cewa yanzu ina sonsa ba. Amma na yi ta juya abin, na ga mutumin da babu wanda ya tilasta shi, babu sauran mai iya kama shi, ya hau amalanke da ciwo ya zo ya zubar da sunan da ya sayar da ni dominsa. Shi ya sauke nasa nauyin da ransa. Ni ne na kai shekara ashirin ina ba mutane salla da nawa a wuya, ga shi gwiwa ta fara ƙin ruku'u, ban kuwa san ko zan cika shidan da suka rage ba.

Saboda haka ku shaida, ku masu karatu. Lawali ɗan kawuna, na yafe maka, duniya da lahira. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe mana baki ɗaya.

Bujin huɗu na aika wa 'ya'yanka cikin takardunsu. Babban, da ya gaji sana'arka, ina so ya buɗe na uku ya dubi cikin lungun.