Sawuna a Rairayin Gure

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka baro Damagaram, ni da abokin aikina, a saman kamyo, babbar motar kaya, zaune bisa katakonmu. Murna ta hana ni zama wuri guda. Shekara goma ina kafinta, sai bana na samu aikin lakwal: wani direktan makaranta a Gure na son benci talatin kafin yara su koma aji. Abu ɗaya ke cina a rai. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi katako ya yi tsada, wanda aka saya mana kuwa, a irin yankana, benci ashirin da shida zai bayar. Wasu yara za su zauna ƙasa, ni kuma sunana ya ɓaci.

A Mirya muka sha koko da ƙosai. A Gidimuni na sayi raken dala goma, zaƙinsa ya sa abokina ya daina ƙorafin ramukan hanya. Daga nan sai tuddan rairayi, a gindinsu kwari kore shar da dabino, raƙuma na kallonmu a wulaƙance.

Da azahar muka isa. Direkta ya kai mu rumfar wani dattijon kafinta, Babarbare, wanda ya yarda mu yi aiki a wurinsa. Kowane zarto da guduma an zana siffarsa da gawayi a bango, yana rataye a kan zanensa. Guntayen katako na cikin kwando uku, gwargwadon tsawonsu. Na ce a raina, tsohon nan dai aiki ne ya yi masa kaɗan.

Da safe ya share rairayin rumfar ya yi sumul. "Ɗana, yi mini benci ɗaya in gani."

Na zage na yi, har da ɗan burga. Da na gama ya ce, "Dubi ƙasa."

Wallahi kamar awaki sun kwana a wurin! Sawuna ne: neman guduma, komawa ɗauko ƙusa, kewayen neman fensir.

"Ka je har garin Bune ka dawo a cikin rumfar nan," in ji shi.

Na yi dariya, amma kunya ta kama ni. Muka jawo tebur kusa da katako, ƙusa a ƙwarya hannun dama. Ya hana ni taɓa zarto sai da na zana sassan bencin duka da alli a kan katakon, gajeru a giɓin dogaye.

"Baba, rana na tafiya," na ce.

"Katakon da ka yanka ba ya komawa, ɗana. A nan daga nesa yake zo mana."

Aiki ya riƙa gudu, har muna samun lokacin tuwon gero da shayi a inuwa. A rana ta tara, katako ya ƙare a benci ashirin da tara. Saura ɗaya. Baba ya turo mini kwandon dogayen guntayena da ƙafa. Daga ciki na talatin ya fito. Direkta ya zauna a kan kowanne, ya jijjiga, bai gane na guntaye ba. Na rungume abokina a gaban mutane.

Muka dawo gida da dabino da cuku. Na gane ba katako ne ya yi mini kaɗan duk shekarun nan ba, ni ne nake zubar da shi. Ina shiga gida na tarar da maiɗakina ta tura guntun katakon rumfata a murhu. Ban ko yi sallama ba, na fizgo shi da wutarsa.