Baitin Babana a Tsafe

Mun tashi daga Kekun Waje bayan sallar asuba, a kakar bana, shekarar da iska ta yaye rufin ajinmu na yaƙi da jahilci. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina, da wani tela da muke aji ɗaya. Tsafe muka nufa, don mun ji Makaɗan Bakin Dutse za su yi wasa a walimar girbin wani manomi.

Ba kowa ya san su ba. Ba a sa su a rediyo, ba sa yi wa 'yan siyasa waƙa. Kiɗan noma suke yi, masu son su kuma kaset suke ba juna aro. Sau ɗaya na taɓa ganinsu, ina saurayi, ranar gayyar gonar babana. Su shida ne a lokacin, sun yi masa baiti guda, wani ya ɗauka a kaset. Baba ya rasu, kaset ɗin kuma rediyo ta tauna shi daidai wurin baitin. Yanzu da hannuna ya fara iya rubutu, na ɗauki littafin aji da biro don in rubuto baitin.

A Bungudu mun jira mota ta cika, direba kuma ya jira rana ta fito sosai, don ba mai son ya zama na farko a hanya. A Gusau muka sauka muka ci waina da miya a Tudun Wada. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Tela ya ɗaga guda ya ce ya taɓa ɗinka maɓallin da ya fi ta faɗi. Daga Gusau zuwa Tsafe shingayen jami'an tsaro sun fi ramuka yawa. Dawa ta yi kyau a bakin titi, amma can ciki gonaki da yawa ciyawa ce kawai.

Da azahar aka fara wasan, saboda kowa na son ya koma gida da rana. Mutane ba su cika fili ba, sai dai duk wanda ya zo ya san amshi. Makaɗan saura uku. Shugabansu ya tsufa, a kan turmi ya zauna, amma da ya buɗe baki, sai ganga ta amsa. Wani dattijo kusa da ni ya jefar da sandarsa ya shiga rawar noma, ya duƙa kamar yana huɗa. Na matsa gaba na buɗe littafi.

Nan na yi kuskure. Tsohon makaɗin ya dube ni, ya dubi littafin. Daga nan bai ƙara kiran sunan kowa ba. Inda ya kamata ya ce wane ɗan wane mai rumbu kaza, sai ya ce "wani bawan Allah". Har waƙar da baitin babana ke ciki ya yi, ya tsallake wurin. Ni kuwa ina zaune da biro, ina jira.

Da aka tashi na je na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, daga wace ma'aikata?" in ji shi.

"Baba, ni manomi ne. Aji biyu nake a yaƙi da jahilci."

"To mi kaka rubutawa? Zamanin ga, in ka kira sunan mutum da yawan daminsa, wani ya rubuta, ai ka nuna wa mutanen daji ƙofar gidansa."

Na miƙa masa littafin. Mai gangar ya leƙa ya yi dariya. "Baba, awa biyu, layi ɗaya da rabi! Wanga ko an aiko shi, ba ya kai rahoto bana."

Na faɗi sunan babana da garinmu. Tsohon ya ce, "Mai jan sa? Wanda ya ba mu fura a masaki?" Ya jawo ni kusa, ya rera a hankali ba ganga, yana tsayawa bayan kowace kalma har in rubuta. Layi huɗu ya kawo. Ya ce baitin layi bakwai ne, amma ƙarshen na mai amshinsa ne, shi kuma an binne shi bara. Ya gwada sau biyu, abin bai zo ba. Na ce ya bari haka nan, Allah ya saka.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in gaida mutane in faɗi ko ni wane ne kafin in buɗe littafi. Na karanta wa ƙannena layi huɗun. Makaɗa uku sun tafi, kaset ɗaya ya lalace, layi uku kuma babu sauran wanda ya san su.