Shatin Yatsun Baba

Shekara goma sha tara ta yi tana aiki a kantin magani, kuma ba a taɓa dawo mata da ƙwaya an ce ta ba da wadda ba ita ba. Takardar likita sai ta karanta ta sau biyu, ta ɗaga kwalba ta duba ranar lalacewa, sannan ta miƙa. Shi ya sa ƙawayenta suka laƙaba mata 'Yar Tsanaki. Tsokana ce, amma tana jin daɗin sunan, don ba ta da wani abin taƙama da ya wuce shi.

Ƙawayen biyu ne, tun suna makaranta. Akwai Doguwa, tela ce, wadda komai nata da gudu ne. Akwai Maman 'Yan Biyu, malamar firamare, mai tsoron rigima kamar me, ko kaji ta ga suna faɗa sai ta shiga sulhu.

Doguwa ce ta gano ɗakin koyon ginin tukwane a bayan layin shagonta, ta zo ta tasa su gaba.

"Ke kullum daga kanti sai jinyar Baba," in ji ta. "Fito ki taɓa laka, ko fuskarki ta saki."

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba, mahaifinta, na dama ya shanye. Tsohon direba ne, mutumin da ya shekara talatin yana juya sitiyarin babbar mota, yau kofin shayi ya gagare shi. Bayan ya fasa na huɗu, 'Yar Tsanaki ta sayo masa na roba mai murfi, irin na yara. Yakan sha, amma sai ya juya fuska bango tukuna.

Ɗakin koyon ƙarami ne: tebur dogo, bokitan ruwa, kantoci biyu, da tanderun gasa kaya a kusurwa. Maginiyar da ke koyarwa dattijuwa ce marar yawan magana, dokokinta biyu. A cuɗa yumɓu sosai, don in iska ta maƙale a ciki, kaya na iya fashewa a wuta. Kuma abin da aka gina ya zauna a kantar ɗanyu har mako biyu, sai ita da kanta ta mayar da shi kantar busassu.

Sun sha dariya ranar farko. Kwanon Maman 'Yan Biyu ya fito kamar hular da aka zauna a kai. Doguwa ta ce za ta gina tulun furanni, ranar ta ƙare ba ta gama ba, sai wani abu mai kauri da ba wanda ya san sunansa. 'Yar Tsanaki kuwa ta yi shiru tana gina kofi marar mariƙi. Da aka tashi ta roƙi maginiya, ta naɗe shi a leda da danshinsa, ta kai gida. Ta ɗora hannun Baba a kai, ta danna yatsunsa uku da ke ɗan motsi har suka bar shati a jikin yumɓun.

"Wannan naka ne kai kaɗai," ta ce masa.

Baba ya yi dariyar da rabon a ji ta tun kafin ciwon. Washegari ta mayar da kofin ɗakin koyon don ya bushe. Daga ranar, kullum ta dawo aiki tambayarsa ɗaya ce: "Ina kofina?"

Ranar da za a buɗe tanderu aka kwantar da Baba a asibiti na kwana uku, ba ta samu zuwa ba. Ƙawayen suka zo duba shi, suka ja ta waje.

"Sai haƙuri," in ji Maman 'Yan Biyu, idonta a ƙasa. "Kofin ya fashe a wuta."

"Me ya fasa shi?"

"To, kin dai ji abin da aka ce kan iska. Ƙila cuɗawar ce ba ta yi ba."

Doguwa sai wasa da mukullin shago take yi.

Wani zai ce kofi ne kawai. Amma matar da ba ta taɓa kuskure da maganin baƙo ba, sai ga shi ta yi sakaci da abu ɗaya da ubanta ya ƙwallafa rai a kai. Kunya ta hana ta komawa ɗakin. Ta ce wa Baba hannunta bai iya ba. Ya ce ba komai, ya ci gaba da juya fuska bango. Bayan wata biyu ya rasu.

Ƙawayen sun yi zaman makoki da ita, har wanke-wanke suka yi. A gabansu ta riƙa cewa, "Da na ƙara cuɗa yumɓun nan." Su kuwa suna shafa mata baya suna cewa ta daina zargin kanta, kowa yana kuskure.

Sai bayan wata biyar ta koma ɗakin koyon, ita kaɗai, wata Asabar da safe. Ba abin da take son ginawa. So take ta koyi cuɗawar da ta kayar da ita. Ta yi ta murza curi ɗaya har gumi ya jiƙa mata wuya.

"Baiwar Allah, za ki kashe yumɓun nan," in ji maginiya.

"Wancan karon ban cuɗa da kyau ba, kofina ya fashe."

Dattijuwar ta tsaya tana kallonta. Sannan ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ta fito da tsingaro uku manya.

"Abin da ya fashe da kansa rugu-rugu yake yi. Dubi naki, daga gefe aka buge shi. Tulun ƙawarki doguwar nan ne ya tarwatse a kusa da shi. Ta makara da gamawa, tana son nata ya fito tare da naku, sai ta faki idona ta mayar da shi kantar busassu, cikinsa da ruwa. A nan ta tsaya tana kuka, ɗayar tana ba ta haƙuri. Suka ce in bari su za su gaya miki. Na ajiye miki waɗannan, ba ki zo ba."

'Yar Tsanaki ta ɗauki tsingaron da ke da shatin yatsu, ta fita ko hannu ba ta wanke ba.

Ta tarar da su biyun a shagon Doguwa, ɗaya tana ɗinki, ɗaya tana duba littattafan ɗalibai. Ta ajiye tsingaron a kan keken ɗinki. Keken ya tsaya.

"Wallahi na so in faɗa miki," in ji Doguwa. "Kullum sai in ce gobe."

"Ni na hana ta," in ji Maman 'Yan Biyu. "Kina fama da jinya, na ga kada mu ƙara miki da ɓacin rai. Na ce kada kofi ya raba zumuncin shekara talatin."

'Yar Tsanaki ba ta yi musu ihu ba, ko da yake ranta ya ɓaci fiye da yadda ya taɓa ɓaci. In fasa kofin ne kawai, da ta yafe tun a ƙofar asibiti. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne hannuwan da suka riƙa shafa mata baya.

"Wata biyu ya yi a raye bayan nan," ta ce. "Kofi mako biyu yake bushewa. Da kun faɗa mini, da na gina masa wani."

Ta ɗauke tsingaron, ta sa yatsunta a cikin shatin. Na Baba sun fi nata kauri, nata ba su zauna daidai ba. Ta jefa shi a aljihun farar rigarta ta aiki, ta wuce kanti, don ƙarfe biyu take karɓar aiki.