Kwana Biyun da Suka Rage wa Ɗan Nepal

Tun da likita ya hana ni gishiri, 'yata take dafa mini farar shinkafa zalla, ta ɗiga mata man shanu don kada in yi mata bore. Ranar farko da ta buɗe tukunyar, ƙamshin ya ɗauke ni daga Kaduna, ya dire ni a saman benenmu na Dokki, cikin sanyin Alƙahira, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ku yarda da ni, haushin da na ji a wancan lokaci shi ya sake taso mini, ko kaɗan bai tsufa ba.

Baba mai buga takardu ne a ofishin jakadanci, amma a unguwa an fi saninsa da sakataren ƙungiyar 'yan Najeriya. Ƙungiya ce mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. In an haihu tana nan, in ɗalibi ya kwanta asibiti tana nan, in baƙo ya ɓace a kasuwar Ataba ita za ta nemo shi. Aibinta ɗaya ne: ba ta tambaya. In ta ƙudurta taimakonka, to sai ka taimaku, ko kana so ko ba ka so.

A saman bene, inda mata ke shanya, akwai ƙananan ɗakuna. A ɗaya daga ciki wani gajeren mutum mai fara'a yake zaune, kuku ne a wani gida a unguwar Zamalek. Kowa Ba'indiye yake ce masa, shi kuma kullum sai ya gyara, ya ce Nepal. Ba mu taɓa ganin wani ɗan ƙasarsu ya hau benen nan nemansa ba. Shi ke gyara wa Inna risho, shi ya nuna mata inda ake samun barkono mai zafin gaske. Larabcinsa guntu-guntu ne, na su Baba kuwa na littafi, don haka ni da nake kwasar Larabcin titi a makaranta na zama tafintan gidan.

Wata safiya na hau kwaso shanya, na tarar ya aske kansa ƙwal, ya bar ɗan tukku a ƙeya. Farin ƙyalle marar ɗinki ne kawai a jikinsa, yana zaune kan busasshiyar ciyawa, ya kewaye wurin da igiya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni daga nesa. Wasiƙa ce ta zo, mahaifiyarsa ta rasu. Ya yi mini bayani a hankali, yana ƙirga da yatsu. Kwana goma sha uku zai yi a nan. Ba mai taɓa shi, ba zai ci gishiri ba, sau ɗaya zai ci a yini kuma abin da ya dafa da hannunsa, kowace safiya zai yi wanka da ruwan sanyi. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma a wajensu wannan zaman shi ke raka uwa har ta isa inda za ta. Maigidansa ya ba shi kwanakin cif, ko ɗaya ba ƙari. Ya roƙe ni in gaya wa mutanen gidanmu, don kada wani ya ji ba daɗi.

Na gaya musu. Wallahi na gaya musu tiryan-tiryan. Amma Inna daga jin rasuwar uwa ta ɗora tukunya, Baba kuma ya ɗauki hula ya tafi tara mutane.

Su shida suka hau ta'aziyya. Baba ya tsallake igiya ya miƙa hannu, mutumin ya haɗa tafukansa a ƙirji ya ja da baya. Shugaban ƙungiya ya sauko yana cewa tun da yake bai taɓa ganin wanda aka je wa gaisuwa ya ƙi musabaha ba. Tuwon shinkafar Inna da miyar kuɓewa suka dawo yadda aka kai su. Washegari matar shugaba ta aiko dambu, shi ma ya dawo. Maimakon a gane, sai abin ya zama gasa, kowane gida yana ganin girkinsa ne zai buɗe bakin mutumin. Kullum ni ake ɗora wa kwano, kullum ina saukowa da shi ina cika ina batsewa. Kakata, da ta zo aikin ido, ita kaɗai ta ce a ƙyale shi, wannan ai irin takabarsu ce. Aka ce tsohuwa ba ta san zaman ƙasar waje ba.

A rana ta goma, bayan sallar Juma'a, aka yi taro a falonmu. An sha shayi buta uku. Mai gadin bene ya ba da shaida cewa mutumin yana watsa ruwan sanyi a jiki cikin wannan ɗari, yana tari, yana surutu shi kaɗai. Addu'arsa ce fa ake kira surutu. Wani ɗalibin likitanci, da bai wuce shekarar farko ba, ya gyara tabarau ya ce baƙin ciki ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Na leƙo daga bakin ƙofa na ce kwana uku kawai suka rage masa.

"Tun yaushe yara suke sa baki a taron manya?" in ji Baba, ko kallona bai yi ba.

Aka yanke cewa ba za a bar maƙwabci ya mutu a kansu ba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Na san da kyakkyawar zuciya suka faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau.

Da safe aka kira tasi. Maza huɗu suka hau, na bi su a baya ina roƙo. Yana ganinsu ya miƙe, ya ɗaga hannuwa yana haɗa su da Allah da ɗan Larabcinsa. Shugaba ya ce, "Yalla, khalas," wato a tafi, magana ta ƙare, Baba ya lulluɓa masa kwat ɗinsa mai tsada, suka ɗaga shi cak. Bai yi kokawa ba. Ni kawai ya kalla, ni da ya ba saƙo. Farar shinkafarsa mai man shanu na kan wuta, ni na sauke ta.

A asibiti aka ce mura ce da rashin ƙarfi, aka ba shi ruwan gishiri da sukari, aka sallamo shi da la'asar. Inna na jira a bakin ƙofa da farfesu, fuskarta cike da murna. Ya tsaya a matakala, ya cire kwat ɗin ya ninke, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, sannan ya juyo gare ni.

"Ya binti, 'yata, ki ce wa babanki na gode. Ki ce masa kwana biyu suka rage. Uwata ta ɗauke ni wata tara, ni na kasa kai ta kwana goma sha uku."

Baba ya tambayi abin da ya ce. Na fassara kalma-kalma, ban sassauta ko ɗaya ba, don a lokacin so nake ya ji zafi. Baba ya ce ma'alish, wato ba komai, ai sai ya sake daga farko. Na tuna masa kwana biyu kawai suka rage a hutun da maigidansa ya ba shi. Mutumin ya koma aiki ranar da aka ce ya koma, yana gaishe mu kamar da, amma bai ƙara zama hira da mu ba. Kafin zafi ya shigo ya tashi daga benen. A littafin ƙungiya, da rubutun Baba mai kyau, an rubuta cewa an taimaki maƙwabci.

Baba bai sake tayar da maganar ba sai da ya tsufa a Kaduna. Wata rana ina yanke masa farce, ya ce, "Kwana biyun nan na mutumin sama, a wajensu ana ramawa kamar azumi?" Na ce ban sani ba. Ya ce in bincika masa.

Bara na je ziyarar ɗana da ke aiki a wata ƙasar Larabawa, inda 'yan Nepal suke da yawa. Yanzu suna da ƙungiya tasu. In an yi wa ɗayansu rasuwa, suna sama masa ɗaki, su sa wanda zai tsare ƙofa, su yi wa maƙwabta bayani da Larabci, su yi magana da maigidansa. Na samu wani dattijonsu na ba shi labarin. Ya girgiza kai ya ce gidaje sun bambanta, amma a nasu, wanda aka taɓa ba da son ransa ba, wanka zai sake, a yi masa addu'a, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da a ce akwai babba ɗaya nasu a Alƙahira, da ya gaya masa haka a ranar.

Mu muna da ƙungiya mai shugaba da sakatare, ba mu da kunne. Shi kuwa mutum ɗaya tak yake bukata, bai samu ba. Ga shi na samo amsar, amma Baba ya shekara huɗu a kabari, ɗan Nepal kuma ko sunan garinsu ba mu taɓa tambayarsa ba.